Ruwan Ƙarfe a Tankin Baba

Talata

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaida mini maigidanki da jikokina biyu. Ina fatan shagon ɗinki yana tafiya, masu kaya ba su ɗaga miki hankali ba. Ni alhamdu lillahi, ƙafar tana sauƙi. Jiya na taka da sanda daga gado zuwa ƙofar falo na dawo, ba wanda ya riƙe ni.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya kira a waya. Kunnena ba ya jin waya sosai, kuma awo ba a ba da shi da baki. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwajin ruwan sha, ban taɓa karɓar lamba daga bakin mutum ba sai ya rubuta. Direban yayanki yana zuwa wajenku duk Talata, shi zai riƙa kai miki takardata, ki riƙa ba shi amsa.

Maganar tankin gilashin kifayen adona ce. Mako uku ke nan tun da na faɗi a matakala yayanki ya kwaso ni zuwa gidansa kamar kayan wanki. Na gode da kike zuwa kina ba kifayen abinci, amma ciyayin da na shuka a ciki su ma suna cin nasu, kuma babban abincinsu ƙarfe ne. In babu shi, sabon ganye sai ya fito a koɗe. A koɗe na baro su, abin yana damuna.

Ki buɗe durowar da ke ƙarƙashin tankin. Akwai 'yar kwalba mai layi, ki cika ta da ruwan tankin zuwa layin. Ki ɗiga ruwan gwaji ɗigo biyar, ki girgiza, ki jira minti goma da agogo, ba da ka ba. Sai ki kai ta bakin taga ki ɗora a kan katin launi. Katin yana da gida shida. Gida na biyu muke nema, ruwan hoda mai haske. In ruwan ya tsaya fari kamar na sha, babu ƙarfe ke nan. Ruwan ƙarfen yana cikin babbar kwalba, ki zuƙo mil goma sha biyu, wato mililita, da sirinji ki zuba kowace safiya, kamar yadda yake a shafin ƙarshe na littafina.

Yayanki ya yi mini alkawari, in likita ya gamsu da ƙafar a ƙarshen watan gobe zai mayar da ni gida. Ba a rage ni da komai a nan ba, surukata har ta gaji da tambayata me zan ci. Amma ni baƙo ne, Auta. Ina son ɗakina da kujerata, da gidan da mahaifiyarku ta bar ni a ciki. Kwanakin nake ƙirgawa.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Talata

Zuwa ga Babana,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Baban yara yana gaisuwa, yaran kuma kullum sai sun tambaye ni yaushe Kaka zai dawo. Ka yi haƙuri, makon jiya direba ya zo ina fama da ɗinkin makaranta ban samu na rubuta ba.

Baba, na bi maganarka sak, ban ƙara ba ban rage ba. Kafin in buɗe shago nake biyawa. Ranar farko na gwada, ruwan ya nuna ɗan ja-ja kaɗan, na zuba mil goma sha biyu. Haka na yi kwana goma sha uku. To amma gwajin bai tsaya a gida na biyu ba. A kwana na uku ya wuce gida na huɗu. Yanzu kuwa ya wuce katin gaba ɗaya. Ka san launi sana'ata ce, in na ce maka ya koma kalar jinin kare, irin zaren da nake yi wa labule baki da shi, to haka ɗin ne.

Tankin kuma ya canja. Wata gansakuka mai kama da gashi ta nannaɗe dogayen ciyayin baya, in na sa hannu na jawo sai ta biyo ni kamar zare ya warware. Audugar da ke cikin matatar ruwan tankin ta koma launin tsatsa. Ruwan ya yi duhu-duhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shekaranjiya na tarar da huɗu daga cikin ƙananan kifayen nan masu layin shuɗi sun mutu, sauran suna sama suna haki. Na kwashe su na binne a tukunyar fulawar Mama. Wallahi na rasa da wane baki zan gaya maka.

Wani abu kuma da ban gane ba. Ka ce ka baro ganyen a koɗe. Ni kuwa ranar da na fara zuwa kore shar na same su, jajayen na tsakiya kuma ja wur. Ko wani ganyen kake nufi?

Yau ban zuba komai ba, ina jiran amsarka. In ni na yi kuskure ka gaya mini inda na yi shi, ka yafe mini.

Ka huta lafiya. A gaida Yaya da Anti.

'Yarka, Auta

*

Talata

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni, kuma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Ba ki canja ruwan ba? Duk Asabar nake kwashe rabinsa in zuba sabo. Bokitai biyu da tiyon da ke bayan ƙofa ado kika ɗauka na ajiye su? Ban rubuta miki ba don ban zaci abin rubutawa ba ne, wa yake rubuta wa mutum ya wanke fuska da safe? To laifin namu ne mu biyu, na ɗauki nawa kason. Ki tara ruwa yau, ki canja rabi gobe, ki sake jibi. Ruwan famfo ya kwana a bokiti kafin ki zuba.

Maganar launi kuwa, ki bar ta. Ko dai ɗigon ya yi miki yawa, ko kin bar kwalbar ta wuce minti goma, ko ruwan gwajin ya lalace. Ni da hannuna na yi gwajin nan sau ɗaruruwa, fari yake fitowa, shi ya sa na yi ta ƙara awon. Ciyayin nan ci ne da su. Zaren ɗinki daban, gwajin ruwa daban. A wurin aiki in aka yi gardama a kan launi ni ake kira in raba.

In kin canja ruwan ki koma kan mil goma sha biyu. Kada in dawo in tarar kin kashe mini su da yunwa.

Ki shafa mini kan yaran.

Mahaifinki

*

Talata

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe da gangan, za ka ga dalili. Ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni.

Na canja ruwa kwana uku a jere, kifayen sun daina haki, ba wanda ya ƙara mutuwa. Ƙarfen ban zuba ba. Na saɓa maka a nan, kuma ina sane.

Na je shagon masu kifi na sayo sabon ruwan gwaji, na tafi da ruwan tankin a kwalba. Mai shagon ya gwada a gabana, abin da na gani shi ya gani. Ya tambaye ni girman tankin da awon da nake zubawa. Da na ce goma sha biyu kullum sai ya fara dariya, ya ga ban yi ba sai ya daina. Ya ce, “Hajiya, abin da kike zubawa a rana ɗaya ya isa tankin nan mako biyu. Wa ya ba ki wannan awo?” Na ce a littafi na gani. Ban iya cewa littafin waye ba.

Na dawo na zauna a kujerarka na buɗe littafin daga farko. Shekara huɗu da suka wuce mil biyu kake zubawa, sau uku a mako, kuma kowane layi ka rubuta “gida na biyu”. Haka shafi bayan shafi, rubutun nan naka ƙanana mai kama da na inji. Sai shekara biyu baya ya fara canjawa. “Babu.” “Babu.” “Babu, ganye ya koɗe.” Awon ya koma uku, ya koma biyar, takwas, har goma sha biyu. Rubutun ya ƙara girma, ya fara hawa kan layi yana sauka. Ina da hoton yaran a gaban tankin bara a wayata, na duba. Ganyen bai koɗe ba, Baba. Canjin ruwan da kake yi duk Asabar shi ne yake wanke abin da ka zuba, shi ya sa ba a gane ba.

Daga nan na tashi na je matakalar. Ka ce mana ruwa ne ya zube ka zame. Na tsaya a sama na duba ƙasa. Matakin ƙarshe da daɓen falon tayil ɗinsu iri ɗaya ne, fari-fari, 'yar inuwa ce kawai take raba su. Na runtse idona kaɗan sai matakin ya ɓace. Na zauna a wurin na yi kuka har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa.

Baba, ba ruwan gwaji ne ya lalace ba. Tun yaushe idonka ya fara? Ban gaya wa kowa ba, ko Baban yara. Kai na fara tambaya domin kai ne ubana.

Ka yafe mini in na yi maka rashin kunya.

'Yarka, Auta

*

Talata

Auta,

Salam. Ya gida, ya yara, ya aiki? Muna lafiya.

Likita ya duba ƙafar Baba, ya ce ƙashin ya haɗe. Na yi masa alkawari, don haka ranar Asabar ta sama zan kawo shi gida in sha Allahu. Ki sa a share ɗakinsa, ki nemo mai walda ya sa ƙarfen riƙewa a matakala. A duba tukunyar gas.

Na rubuto ne maimakon waya don duk inda na tsaya a gidan nan yana kusa. Tun da ya karɓi takardarki ta makon jiya ya canja. Ba ya cin abinci sosai, ba ya yi mini gyara a magana, kin san kuwa wannan ba halinsa ba ne. Sau biyu ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce hannunsa ne yake rawa. Na tambaye shi me kika rubuta, ya ce maganar kifi ce.

Ni dai ban yarda kifi huɗu ne suka hana shi cin abinci ba. Ke kike shiga gidan kullum. In akwai abin da ya kamata in sani kafin in ajiye shi shi kaɗai in juyo, ki gaya mini yanzu.

Antinki tana gaishe ki.

Yayanki

*

Talata

Zuwa ga Autata,

Sallama da sa albarka. Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa. Kwana biyu na yi ina karantawa, da madubin ƙara girma, a bakin taga, in kowa ya fita.

Ba ki yi mini rashin kunya ba. Abin da na koya wa yaran da suka yi aiki a ƙarƙashina kika yi, kin gwada sau biyu, kin koma kan littafi. Da a wurin aiki ne da na yaba miki.

Shekara biyu da wata biyar. Ya fara kamar an shafa wa gilashi mai. Na wanke tabarau, na canja ƙwan fitila, na zargi masu yin ruwan gwaji. Ba ƙarya na rubuta a littafin ba, Auta, fari nake gani, kuma ganyen a koɗe nake ganinsu. Amma tun bara wani ɓangare na zuciyata ya san gaskiya, na ƙi sauraronsa. Ban je asibiti ba don tsoro nake ji. Kakanku haka ya fara, kin san yadda ya ƙare, ana riƙe masa hannu zuwa banɗaki.

Yanzu ga roƙona. Kada ki gaya wa yayanki. Kin san shi, in ya ji ba zai mayar da ni ba, zai ce a rufe gidan. A nan ban san inda komai yake ba, kullum sai na yi karo da kujera. A gidana kuwa ƙafata ta san hanya. Taku tara ne daga gado zuwa banɗaki, goma sha huɗu zuwa kicin. Matakin nan sai ki shafa masa baƙin fenti, shi ke nan. Ki bar ni in koma in yi ko da shekara ɗaya. Ke za ki riƙa duba mini launin gwajin, ni in riƙa canja ruwa. In abin ya yi tsanani ni da bakina zan faɗa.

Ban taɓa roƙonki komai ba tun da aka haife ki. Wannan nake roƙo.

Allah ya rufa miki asiri kamar yadda za ki rufa mini.

Mahaifinki

*

Talata

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba. Takardarka da ta Yaya tare direba ya miƙo mini su. Mako guda ke nan ina yawo da su a jaka. Na ɓata wuyan riga biyu a shago, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Na so in yi maka abin da ka ce. Har na sayo fentin, na shafa wa matakin da kaina. Na shiga ɗakinka in share, ina cewa a raina ai gida gida ne, zan riƙa zuwa safe da yamma. Sai na ɗauko ɗan akwatin maganinka na mako, wanda aka manta ba a tafi da shi ba. Kana da ƙwaya biyu, fara ta hawan jini, da mai ɗan rawaya ta suga. A gidan ranar Laraba farare biyu ne. A gidan Alhamis rawaya biyu. A na Juma'a ma haka. Kai ka jera su da hannunka, Baba, kai da ba ka yarda da awon kowa.

Kifi huɗu na binne saboda awon da ka ba ni, na kwana biyu ban dawo daidai ba. Ba zan iya buɗe ƙofar nan wata safiya in tarar da kai a ƙasa ba, ina sane, na yi shiru. Ka ce in ya yi tsanani za ka faɗa. Shekara biyu yana tsananta, sirinji kawai ka ƙara cikawa.

Ban amsa wa Yaya ba tukuna. Ba na son ya ji daga bakina, ya fi kyau ya ji daga naka. Amma ya tambaye ni kai tsaye, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. In ranar Juma'a ta yi ba ka gaya masa ba, zan kira shi. Na san za ka iya daina yi mini magana. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa, amma na gwammace ka yi fushi da ni kana raye.

Kuma ba lallai ne irin na kakanmu ba ne. Ba wanda ya duba. Wataƙila abin da likita zai iya gyarawa ne, wataƙila ba shi ba ne, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba.

Tankin yana murmurewa. Gansakukar ta fara mutuwa, ina tsince ta da tsohon buroshi. Jiya gwajin ya sauko gida na biyu, yau na zuba mil biyu.

Ina sonka, Baba. Ka yafe mini.

'Yarka, Auta

*

Laraba

Auta,

Sallama. Wannan rubutun antinki ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Direba zai dawo musamman ya kawo miki.

Takardarki ban kai ta bakin taga ba. Na san abin da ke ciki tun kafin a buɗe, ai ni na haife ki. Da aka gama karin safe na miƙa wa yayanki, na ce, “Karanta mini, ba na gani.” Ya karanta da ƙarfi. Ya tsaya sau biyu, na ce ya ci gaba. Da ya gama sai ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

Ranar Litinin zai kai ni wajen likitan ido. Tsoro nake ji, kuma na gaya musu.

Ba zan zo ranar Asabar ba. Ki rufe ɗakina, ki kashe gas, ki riƙe makullin. Fushi na yi shi, kwana ɗaya ya yi mini, ya wuce.

Tankin ki sa a kai shi gidanki, a kwashe ruwan kafin a ɗaga. Ki samu sabon littafi ki fara naki. Kada ki ƙara tambayata mil nawa za a zuba, ke kike gani.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki